JINKIRTA GYARA: INA RANGWAME YA TSAYA, INA CIN AMANA YA FARA?

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya hore wa ɗan Adam tafiya a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu Al-Amin, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan lokacin aikin Hajji ya gabato, maniyyata daga Tasawa da Mayahi, da Urafan da Korgom da Maijirgi, da Kanambakashe da sauran garuruwanmu, sukan ɗaure kaya su kama hanya. Wani ya sayar da bisashensa, wani ya tara kuɗin gyaɗa da wake na shekaru masu yawa. Daga ƙarshe kowannensu zai taka matakalar jirgin sama, ya zauna inda aka nuna masa, ya yi addu'ar tafiya. Ba ya da masaniya a kan lafiyar injin, bai san yawan iskar da ke cikin taya ba, ba zai kuma iya sani ba. Ya damƙa ransa, bayan Allah, a hannun mutanen da bai taɓa gani ba.

Tambayar da muke son mu tsaya a kanta ita ce: idan waɗannan mutane suka ga aibu a jikin jirgi ana dab da tashi, fasinjoji sun gaji da jira, hasara kuma tana ƙaruwa, shin ya halatta su ce a bari sai an dawo a gyara? Idan ya halatta a wani wuri, ina iyakarsa? Wane ne kuma ke da ikon shata wannan iyaka?

ABIN DA YA FARU A JIDDA

Ranar Alhamis 11 ga watan Yuli na 1991, a ƙarshen Zulhajji na shekarar 1411, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi da safe daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya nufi Sakkwato. Yana ɗauke da fasinjoji 247, akasarinsu alhazai masu komawa gida, da ma'aikata 14. Jirgin mallakar kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, amma an yi hayarsa yana jigilar alhazai a ƙarƙashin sunan Nigeria Airways. Bai yi nisa ba matuƙin ya nemi izinin komowa. Ya juyo, wuta tana ci a cikinsa, ya faɗi saura kusan kilomita 3 ya kai titin sauka. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi aikinsu.

Binciken da hukumomin Saudiyya suka yi, tare da takwarorinsu na Kanada, ya nuna cewa musibar ta faro ne daga taya. Tun ranar 7 ga wata makanikai suka auna suka ga iska ta yi ƙasa a wasu tayoyin. Ba a ƙara iskar ba, ba a sauya tayoyin ba, kuma aka sauya alƙaluman da ke rubuce a takardar dubawa don su nuna kamar komai lafiya. Da safiyar ranar tashi, babban makaniki ya nemi a ƙara wa tayoyi biyu iska, domin sun gaza mafi ƙarancin awon da aka yarda jirgi ya tashi da shi. Tayar jirgin sama da iskar naitirojin ake cika ta, ba a kuma same ta nan take ba. Jami'in kamfanin da ke kula da tafiyar da jigilar, wanda ba shi da horon da zai yanke hukunci a kan lafiyar jirgi, bai yarda a ƙara jinkiri ba. Aka sallami jirgin a yadda yake.

Sauran abin ya bi sunnar da Allah Ya ɗora halitta a kanta. Idan taya biyu suna kan gatari ɗaya, ɗaya ta yi laushi, nauyin sai ya koma kan ƴar'uwarta. Jirgi ya yi lodi, tafiya zuwa bakin titin tashi tana da tsawo, ga zafin Jidda. Ana cikin gudun tashi taya ta farko ta fashe, ta biyu ta bi ta. Ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su da na'urar da za ta sanar da su akwai wuta a wannan wuri, don haka da suka ɗaga sai suka naɗe ƙafafun jirgin kamar yadda aka saba. Wutar ta shiga cikin jirgin, kusa da wayoyin lantarki da bututun man da ake sarrafa jirgi da shi da tankin mai. Aikin da zai ci ɗan lokaci kaɗan a ƙasa shi ya ci rayuka 261. A 1993 kamfanin Nationair kansa ya rushe.

BA KOWANE JINKIRI NE LAIFI BA

Mai karatu zai iya cewa, to ai magana ta ƙare: kada jirgi ya tashi sai komai nasa yana aiki. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba haka masana harkar suka tsara ba, kuma ba haka hankali ke hukuntawa ba. Jirgin sama yana da dubban kayayyaki, da yawa daga cikinsu an yi su bibbiyu ko uku-uku domin in ɗaya ya tsaya ɗaya ya ɗauka. Da za a hana tashi saboda fitilar karatu ta kujera guda ta mutu, da alhazai sun kwana a filin jirgi ba gaira ba dalili. Tsananin da ba shi da amfani shi ma cutarwa ne, kuma yakan koya wa mutane raina doka.

Saboda haka aka yi wani littafi ga kowane samfurin jirgi, wanda za mu kira jerin mafi ƙarancin kayan tashi. Maƙeran jirgin da hukumar ƙasarsu ne ke tsara uwar littafin. Kowane kamfanin sufuri ya fitar da nasa daga cikinta, ba shi da ikon ya sassauta abin da ta tsananta, sannan hukumar kula da sufurin sama ta ƙasarsa ta duba ta sa hannu. Wannan tsari yana cikin ƙa'idodin hukumar sufurin sama ta duniya, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944, kuma a ƙasarmu Nijar hukumar ANAC ce ke da alhakin sa ido a kai.

Littafin yana faɗin abin da za a iya tashi ba tare da shi ba, da sharuɗɗan da za a cika, da kuma wa'adin gyara. Akwai abin da ake ba kwana 3, akwai na kwana 10, akwai na kwana 120, akwai kuma wanda aka yanka masa wa'adinsa na musamman. Dole a rubuta aibun a littafin jirgi, a manna alama a kan abin da ya lalace domin matuƙi ya gani. Duk abin da ya shafi lafiyar tashi wanda ba a ambace shi cikin jerin ba, dole ne ya kasance yana aiki. Bayan duk wannan, matuƙi yana da ikon ya ce ba zai karɓi jirgin ba. Shi kuwa awon iskar taya, maƙera sun sa masa iyaka a littafin gyara, kuma ƙasa da wannan iyaka babu wani rangwame.

RANGWAME A MA'AUNIN SHARI'A

Duk wanda ya zauna gaban malamai ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala zai ga cewa wannan tsari ba baƙo ba ne a gare shi. Shari'armu ta san azima, ta kuma san ruhusa. Wanda ya rasa ruwa ya yi taimama, matafiyi ya yi ƙasaru, majinyaci ya sha azumi ya rama. Amma ba a taɓa barin ruhusa sakaka ba. A mazhabar Imamu Malik, mai taimama sai ya nemi ruwa tukuna, kuma taimama ɗaya farilla ɗaya take yi, in lokacin wata salla ya zo sai ya sake. Matafiyi ba ya ƙasaru sai tafiyarsa ta kai tazarar da aka ƙayyade, in kuma ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri sai ya cika sallarsa. Mai shan azumi bashi ne a kansa.

Idan muka lura za mu ga abubuwa huɗu da ke raba rangwame na gaskiya da ha'inci, ko a ibada ko a sana'a.

Na farko, masu ilimi ne suka shata shi tun kafin buƙata ta taso. Mutumin da barci ya danne shi da asuba cikin sanyin hunturu ba shi ne zai tsara sharuɗɗan taimama a wannan sa'a ba, domin son ransa zai shiga cikin fatawarsa. Haka nan wanda agogo ke kora, waya tana ta ƙara a kunnensa, yana tsoron kada kwangila ta kuɓuce, shi ne mutumin da ya fi kowa rashin cancantar ya yanke hukuncin abin da za a iya ƙyalewa. Wannan ba zargi ba ne ga mutuncinsa, halin ɗan Adam ne. Shi ya sa aka hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi.

Na biyu, yana da wa'adi. Jinkirin da ba shi da ranar ƙarewa ba jinkiri ba ne, watsi ne aka sa wa kyakkyawan suna.

Na uku, a bayyane yake. Mai taimama ba ya riya wa jama'a cewa alwala ya yi. Da zarar mutum ya ji yana buƙatar ya ɓoye abin da ya jinkirta, ko ya goge lamba ya rubuta wata, to zuciyarsa ta riga ta ba shi fatawa cewa ya fita daga ruhusa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin ya ji laima a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi da jiƙewar ba, ya zarge shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Aibu yana iya samun kowa, ɓoye shi ne laifin.

Na huɗu, akwai abin da ya tsaya a madadinsa. Ƙasa tana tsayawa a madadin ruwa, na'ura ta biyu tana tsayawa a madadin ta farko. To me ya tsaya a madadin iskar taya a Jidda? Babu, sai fata. Mu kuma lura da wani bambanci: an yi rangwamen taimama ne domin lokacin salla ba ya jira. Jirgi kuwa yana jira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

SHUBUHA TA FARKO: “AI ƘADDARA CE”

Mun yi imani babu rai da zai mutu sai da izinin Allah a lokacin da aka rubuta masa. Alhazan Sakkwato ajalinsu ne ya yi, muna kuma fata Allah Ya ba su ladan shahada. Da wannan imani ne iyalansu suka yi haƙuri, kuma shi ne daidai. Amma ƙaddara mafaka ce ga wanda musiba ta samu, ba hujja ba ce ga wanda ya yi sakaci. Dalili a fili yake: a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, Allah Ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Wanda aka kashe bisa kuskure shi ma ajalinsa ne ya yi, amma duk da haka Shari'a ba ta sallami wanda ya yi sanadi ba. Malaman fiƙihu sun ɗora lamuni har a kan wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a wani ya faɗa, alhali bai tura kowa da hannunsa ba. In haka ne ga mai kuskure, yaya wanda ya gani, aka tunatar da shi, ya ce a tafi?

Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham da jama'a, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, ya ji labarin annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara ya juya da mutane. Abu Ubaida (R.A.) ya nuna masa kamar wannan gudun ƙaddara ne, sai Umar ya fahimtar da shi cewa juyawar ita ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa ɗaurewa da dogaro. Wanda ya bar taya ba iska ya ce ya yi tawakkali, bai dogara ga Allah ba, jarraba Allah yake yi da rayukan bayinSa.

SHUBUHA TA BIYU: “MUN SHA TAFIYA HAKA, BA ABIN DA YA FARU”

Wannan ita ce mafi haɗari, domin a kan gaskiya aka gina ta. Jirgin Jidda ya ci gaba da zirga-zirga kwanaki bayan an ga aibun, yana sauka lafiya. Kowace sauka lafiya tana ƙara wa masu sakaci ƙarfin gwiwa. Amma tsira ba ta tabbatar da ingancin hukunci. A ranar 23 ga watan Yuli na 1983, wani jirgi Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi alhali ma'aunan mansa ba sa nuna komai, abin da jerin kayan tashi bai yarda da shi ba. Aka auna man da hannu, aka yi kuskuren lissafi tsakanin fam da kilo, mai ya ƙare a sararin sama. Matuƙin ya lallaɓa da shi ba inji har ya sauka a wani tsohon filin sojan sama a garin Gimli, ba wanda ya rasu. An yaba gwanintarsa, amma wannan bai mayar da tashin ya zama daidai ba. Bambancin da ke tsakanin Gimli da Jidda jinƙan Allah ne, ba kyawun shawara ba. Allah kuma yana hisabi a kan abin da mutum ya sani da abin da ya zaɓa a lokacin da ya zaɓa.

Wannan ruɗu yakan shiga har cikin masu tsara doka. A ranar 31 ga watan Janairu na 2000, jirgin kamfanin Alaska Airlines ya faɗa teku kusa da gaɓar Kalifoniya a Amurka, mutum 88 suka rasu. Bincike ya nuna zaren notin da ke riƙe da wani dogon ƙarfe mai juya wutsiyar jirgin ya cinye saboda ƙarancin giris, bayan an yi ta tsawaita lokacin sa masa giris da lokacin duba shi, mataki bayan mataki, cikin tsarin da hukuma ta sani. Darasi a nan shi ne, takarda da hatimi kaɗai ba su isa ba. Mai sa hannu a kan sassauci shi ma zai amsa tambaya: ilimi ne ya kai shi ga sassautawa, ko ganin an daɗe ba a yi haɗari ba?

SHUBUHA TA UKU: HASARA DA WAHALAR JAMA'A

Adalci ne mu saurari mai wannan hujja, domin ba ƙarya yake yi ba. Alhaji da ya gama ibada, guzurinsa ya ƙare, yana kwance a filin jirgi, jinkirin yini guda azaba ce a gare shi. Kamfani in ya rasa kwangila ma'aikata za su rasa abinci. Duk wannan gaskiya ne. Amma malaman usulu sun jera abubuwa biyar da Shari'a ta zo ta tsare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya, suka kuma gabatar da rai a kan dukiya. Dukiya ana mayar da ita, gajiya tana wucewa. Ko aikin Hajji kansa, wanda rukuni ne na Musulunci, Allah Ya rataya shi a kan iko, kuma malamanmu na Malikiyya sun sa amincin rai da dukiya a hanya cikin ma'anar wannan iko. Shehu Halil a Muhtasar ɗinsa ya daidaita tafiyar teku da ta tudu, sai fa in halaka ta rinjaya. Idan tafiya zuwa Ɗakin Allah ba ta halatta ganganci da rai ba, tsoron tara ko asarar kwangila ba zai halatta shi ba.

SA HANNU SHAIDA CE

Alhaki a irin wannan lamari a rarrabe yake, amma rarrabuwarsa ba ta rage wa kowa nasa. Makanikin da ya sa hannu a takarda cewa jirgi lafiya lau shaida ya bayar, kuma matuƙi a kan wannan shaida yake ɗora hukuncinsa, fasinja kuma a kan hukuncin matuƙi. In shaidar ta ƙarya ce, to shaidar zur ce, wadda Annabi (S.A.W.) ya lissafa cikin mafi girman zunubai. Cewa “shugabana ne ya sa ni” ba ta wanke mutum, domin ba a yi wa abin halitta ɗa'a cikin saɓon Mahalicci. Shi kuma shugaban da ya tsoma baki cikin abin da ba shi da iliminsa, ya danne maganar mai ilimi, nasa nauyin ya fi girma. Buhari ya ruwaito cewa miƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba yana daga tozarta amana.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma wannan ba sabon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Imam Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya ambata a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa yana daga aikin mai hisba ya hana masu jiragen ruwa ɗaukar kayan da suka fi ƙarfin jirgi har a ji tsoron nutsewa, ya kuma hana su tashi lokacin da iska ta tsananta. Ashe ke nan ma'aikacin da ke duba jirgi a filin Diori Hamani na Yamai, ko jami'in da ke tantance kamfanin da za a ba jigilar alhazai, aikin hisba yake yi, in ya kyautata niyya yana da lada, in ya karɓi toshiyar baki ya sayar da rayuka.

Akwai kuma kason fasinja. Matsin da ke kan mai sallamar jirgi ba daga sama yake saukowa ba, wani ɓangarensa daga hayaniyar masu jira yake fitowa. Haƙƙin maniyyaci ne ya nemi a gaya masa gaskiyar dalilin jinkiri, a ba shi ruwa da abinci da wurin kwana. Amma in aka ce gyara ake yi, abin da ya dace da shi godiya ce da addu'a. Sannu ba ta hana zuwa.

A TASHOSHINMU NA TASAWA DA MAYAHI

Kada wani ya ce wannan magana ta masu jirgin sama ce, mu nan sai mota da kabu-kabu da amalanke. Hukuncin ɗaya ne, kuma a kanmu ya fi faɗawa kullum. Maniyyacin da zai hau jirgi sai ya fara cin kilomita masu yawa a mota, a kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Tasawa da Gazawa da Agye zuwa Maraɗi, ko a kan hanyoyin rairayi na ƙasar Mayahi da kewayen Gulbin Kaba. A ranakun kasuwa kowa ya san yadda ake yi: taya ta suɗe har zare ya fito, birki sai an buga sau uku kafin ya kama, an ɗaure wani ƙarfe da roba, buhuna a sama, mutane a kan buhuna. In aka yi magana sai a ce a lallaɓa, in an dawo a gyara. Wannan ita ce kalmar da aka faɗa a Jidda, harshe ne kawai ya bambanta.

Mun san halin da direba yake ciki. Sau da yawa motar ba tasa ba ce, mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma, in ya fita daga layi don gyara wani ya ɗauki fasinjojinsa, gida kuma ana jiran cefane. Wa'azi kaɗai ba zai ciyar da iyalinsa ba. Saboda haka muke ba da shawara ga sandikar direbobi ta kowace tasha, da masu motoci da makanikai da masu faci, su zauna a ranar da ba ta kasuwa ba, lokacin da hankali ke kwance, su tsara nasu jerin. Su rubuta abin da ba a tashi sai da shi: birki, sitiyari, tayoyi masu lafiya da taya ta ajiya da jak, fitilu ga mai tafiyar dare, da iyakar lodi. Su rubuta abin da zai iya jira, kamar yagaggiyar kujera ko rediyo ko lotsewar jiki, su yanka masa wa'adi. Su amince cewa direban da ya janye motarsa don gyara ba ya rasa layinsa, kuma kuɗin wannan yini a kan mai mota yake, domin shi ke cin ribar ta. Su kafa adashi na gyara. Su kuma ba yaron mota damar ya faɗi abin da ya gani ba tare da an kore shi ba, domin sau da yawa shi ne ya fara jin ƙarar da ba a saba ji ba.

Annabi (S.A.W.) ya buga misali, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir (R.A.), da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka yi nufin huda gefensu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In aka ƙyale su kowa ya halaka, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Mu lura, niyyarsu ba mugunta ba ce, sauƙi suke nema. Mafi yawan masu cewa a lallaɓa haka suke. Riƙe hannunsu ba ƙiyayya ba ce, taimako ne a gare su da wanda ke bayansu.

KAMMALAWA

Amsar tambayarmu ke nan, ya ƴan'uwa. Jinkirta gyara yana halatta idan masu ilimi ne suka shata shi tun da wuri, aka yanka masa wa'adi, aka bayyana shi ga wanda abin ya shafa, aka kuma samu abin da ya tsaya a madadinsa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, kuma rai yana cikin haɗari, to sunansa cin amana, ko an isa lafiya ko ba a isa ba. Allah Ya umarce mu a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i da mayar da amanoni ga masu su. Babu amanar da ta kai ran mutum, kuma mayar da ita shi ne a sauke shi inda ya nufa, bayan an yi duk abin da ke cikin ikon ɗan Adam. Muna kira ga limamai su tunatar da wannan a huɗubobinsu, musamman gabanin tafiyar alhazai.

Allah Ya gafarta wa alhazan da suka rasu a Jidda da dukkan Musulmin da suka riga mu. Allah Ya tsare matafiyanmu a sama da ƙasa, Ya ba masu sana'a tsoronSa a ɓoye da bayyane, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da gaskiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.